Yadda Alhaji Sakula Ya Jera Mu a Kwalekwale

Idan ana lissafa mutanen da Allah ya yi wa baiwar tsari a garin Kaduna, a fara da Alhaji Ubaidullah Rabe, mataimakin darakta a ma'aikatarmu, sannan a sha ruwa a huta kafin a nemo na biyu. Mu a ofis Alhaji Sakula muke ce masa, a bayan idonsa dai, domin ko buta ce ta ɓata a masallacin ma'aikata sai ya fitar da sakula, wato takardar umarni, mai lamba da kwanan wata. A wurinsa duniya matakala ce, kowa da matakinsa, kuma babban zunubi shi ne ƙarami ya riga babba shiga ƙofa. An ce a gidansa na Malali ma bisa tsarin haihuwa yara suke shiga mota. Ban gani ba, amma ban musa ba.

Kada ku ɗauka ni Abdulrahman, mai ba ku labarin nan, a gefe nake ina dariya. Shekara shida ni ke buga masa sakulolin, ina cewa "haka ne, ranka ya daɗe" tun kafin ya rufe baki. Dabarata ba ta da zurfi: in ya hau, na hau.

To, ga hawan ya zo. Daraktarmu, Madam Rifkatu Ishaku, za ta yi ritaya ƙarshen wata, kuma ita za ta ba da sunan wanda zai gaji kujerarta. Mataimaka biyu gare ta, Alhaji da Hajiya Khadijat, wata mata marar surutu wadda ba ta iya komai ba sai aikinta. Alhaji kuwa tuni ya fara yi wa labulen ofishin darakta kallon mai shirin canzawa. Don ya kammala hujja, sai ya ce shi zai shirya wa Madam bankwana, kuma ba irin na lemo da cincin a zauren taro ba. Bakin dam za a je, can bayan gari, a yi yawon daji, a shiga kwalekwale.

"Ƙasashen da suka ci gaba," in ji shi, "a bakin ruwa suke sallamar manyansu. Na gani da idona."

Kwana tara ya yi a ƙasar waje, wani kwas, shekara goma sha ɗaya da ta wuce. Har yau bai gama dawowa ba.

Ranar Asabar muka taru a Unguwar Dosa, mutum talatin, muka cika bas. Sakula ta ce kowa ya sa kayan motsa jiki. Mai sakular ya zo cikin farar shadda ta sha sitaci, da sabon kambas a ƙafa, da usur rataye a wuya. Bakin dam ɗin kam, da muka isa, tsakani da Allah, ya yi kyau. Ruwa kwance har iya ganinka, yashi mai laushi, ga inuwar maɗaci da ɗorawa, ga masunta can nesa suna jefa taru. Har kunya na ji, shekara ashirin ina Kaduna ban san da shi ba. Mutane suka fara cire takalma za su taɓa ruwa, sai usur ya yi ƙara.

Yawon daji aka fara, a layi ɗaya, bisa mataki. Madam a gaba, ita da gwiwarta mai ciwo, don haka mutum talatin muka bi saurin gwiwar. Direbobi da masinjoji, waɗanda suka san daji tun suna yara, suna can ƙarshen layi suna kallon ƙeyarmu. Da muka iso gindin wata kanya, Alhaji ya ɗaga hannu, ya hau wani ɗan tudu ya soma lacca.

"Ku dubi dajin nan da kyau. Babbar bishiya a sama, ƙarama a ƙasa, ciyawa a ƙarƙashi. Kun taɓa ganin ciyawa ta rubuta takardar koke? Wannan shi ne aikin gwamnati."

Tudun nan gidan cinnaka ne. Baba Kande mai shara ce ta fara gani, daga can baya. Da yake tarbiyyarmu ta yi kyau, ba ta yi ihu ba, sai ta gaya wa masinja, masinja ya gaya wa akawu, akawu ya miƙa sama, har saƙo ya iso gare ni ta hanyar da ta dace. Ni kuma na ga rashin ladabi ne a katse babba yana tsakiyar jimla, na tsaya jiran ya kai aya. Cinnaka bai san na gida ba, bare mataki na goma sha shida. Alhaji ya fara buga ƙafa ɗaya, ya buga ɗayar, ya shiga tsalle yana marin cinyoyinsa. Don in rufa masa asiri, sai na ce Alhaji yana koya mana motsa jiki ne, na kama tsalle ina marin tawa cinyar. Mutum huɗu suka bi ni. Madam ta zauna a kan wani dutse tana kallonmu.

Da wani ne, da abin ya ishe shi haka. Alhaji kuwa ya leƙa bayan kanya ya karkaɗe wandonsa, ya fito ya busa usur, ya ce saura ruwa.

Mai kwalekwalen wani dattijon masunci ne, Malam Auwal. Ya raba mana rigunan ceto, ya ƙare mana kallo ɗaya bayan ɗaya, ya fara nuna wa kowa wurin zama: wannan mai jikin tsakiya, wancan siririn gaba. Alhaji ya tare shi da takarda. Ni na buga takardar, har da zanen kwalekwale da lambobi. Manya a goshi, ƙanana a baya.

"Alhaji, ruwa nauyi ya sani," in ji Malam Auwal. "In ka tara min masu jiki a gaba, hanci zai nutse."

"Malam, kai kana tuƙa katako ne, ni ina tuƙa ma'aikata. Shekara ashirin da takwas ban taɓa zama bayan na ƙasa da ni ba, ba kuma a kan ruwanka zan fara ba."

Malam Auwal ya dube ni, ko zan sa baki. Na san gaskiya ya faɗa. A aikin gwamnati tumbi da mataki tare suke hawa, kuma manyanmu biyar da takardar ta sa a goshi ba su yi wasa da ƙarin girma ba. Na buɗe baki na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Hajiya Khadijat ta ce ita kam a bar ta a tudu ta tsare jakunkuna. Alhaji ya raɗa mini cewa shugabanci ba na matsorata ba ne.

Malam Auwal bai ko hau ba, turawa kawai ya yi daga gaɓa. Muka yi tafiyar da ba ta wuce tsawon bas ɗinmu ba. Alhaji ya miƙe tsaye a goshi zai yi jawabin buɗe tafiya, goshin ya sunkuya, ruwa ya shigo da sallama. Mu na baya muka ga mun yi sama, a karon farko a tarihin aikinmu, sannan gaba ɗaya muka juye.

Abin da ya biyo baya ni shaida ne, don ina kusa. Alhaji ya manta da rigar ceton da ke jikinsa, ya manta da mataki, ya damƙi abin da hannunsa ya fara samu ya danna ƙasa don shi ya yi sama. Abin nan kan Madam ne. Yana salati yana dannawa. Malam Auwal ya tako cikin ruwa a hankali ya dafa kafaɗarsa.

"Alhaji, miƙe tsaye. Iya ƙugu ne."

Madam ta ɗago, babu ɗankwali, babu tabarau, ta yi tari mai tsawo. Da muka fito yashi ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, wa ya tsara zaman. Alhaji, shadda manne a jiki, ya ce takardar dai Abdulrahman ne ya buga. Na ji zafin maganar har cikin raina, kuma abin takaicin shi ne kaina ya riga ya fara gyaɗawa.

Ranar Litinin Madam ta kira mataimakanta biyu, ni kuma aka ce in ɗauko fayilolinsu in tsaya.

"Alhaji," in ji ta, "ba zan ɓoye maka ba, sunanka na yi niyyar bayarwa. Na ce kana da himma, ba sai na tsaya bin wa ya riga wa ba. Amma ranar Asabar ka nuna mini tsari ba abin wasa ba ne, har ruwa na sha a kansa."

Ta buɗe fayilolin. Rana ɗaya suka kama aiki, shi da Hajiya Khadijat. Hajiya ta sa hannu a rajista ƙarfe takwas na safe. Alhaji sai bayan azahar, don a cewar takardar uzurin da ya rubuta da hannunsa, ya tsaya karɓar ɗinki wajen tela.

Washegari da sassafe ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce in zauna in buga takardar koke zuwa sama. Taken shi ne, bin wa ya riga wa gadon Turawan mulkin mallaka ne, shi ya kashe aikin gwamnati a ƙasar nan, kuma lokaci ya yi da za a duba cancanta. Shafi bakwai muka yi. Kafin mu kai shafi na uku, wallahi har na gamsu.