Ribas ɗin ɗan direba

Babana ya tuƙa jirgin ƙasa mai amfani da kwal a Zariya, don haka da matata ta yi mini booking na tuƙa tsohon jirgi mai tururi a wajen London, har ƙaninta Sani na gayyata.

Baturen mai koyarwa ya fara bayanin ribas, na tare shi: "Abin a jini yake."

Ribas ɗin jirgin Baba sanda ce, fizga ɗaya ta wadatar. Ashe wannan sai an yi ta murɗawa. Na murɗa sau ɗaya, na waiga baya cikin isa, na saki tururi. Jirgi ya yi gaba abinsa.

Har yau in zan fitar da mota a Croydon, Sani kan ce, "Yaya, baya za ka? Jama'a, a kauce daga gaba!"