Injiniya Da Ledar Awara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Larabar da aka kwance kwamfutar makarantarmu a gaban mutane, aka kwance ni tare da ita.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye tsakanin Bagwai da Shanono. Shekarun nan ne da fetur ya fi ƙarfin kowa, kwanon masara ya zama abin da ake tambayar farashinsa a hankali kamar ana gaida marar lafiya. Makarantar tana da kwamfuta guda ɗaya tak, irin ta kan tebur, mai ƙaton akwati a ƙasa. Ni kuwa na taɓa yin kwas na wata uku a Kano (gaskiya sati bakwai na yi, amma takardar wata uku ta ce), don haka aka damƙa min ita, aka kuma laƙaba min suna Injiniya. Ban taɓa cewa a daina ba. Har wata tafiya ta daban na ƙirƙiro wa sunan.

Saboda halin da ake ciki, malamai suka ɓullo da wata dabara. Idan an fita tara, kowa ya kawo abin da ya samu, a zuba a faranti ɗaya a gindin darbejiya. Wani garin kwaki, wani ƙuli-ƙuli, wani albasa ɗaya tal. Malama Rabi, mai koyar da Hausa, ita ke haɗawa ta kwaɗa. Ni gudummawata kullum ita ce hannu da kuma dogon tsaki a kan halin da ƙasa ke ciki. “Wallahi Malama, gidan nan ko kari ba mu yi ba,” in ji ni, sannan in kai loma.

To ga gaskiyar da ban faɗa musu ba. Matata tana soya awara ta sayarwa, kuma kullum da safe sai ta ɗaure min guda shida a leda, da yaji. Guda shida idan suka shiga hannun malamai tara, me zai rage? Sai na nemi maɓoya. Murfin gefen akwatin kwamfutar ba shi da noti, zare shi ake yi kawai, cikinsa kuwa fili ne fetal. Na gwada rana ɗaya, na tura ledar ciki. Da na ciro ta bayan an tashi, sai na ji ta da ɗumi kamar yanzu aka kwashe daga kasko. Ranar na yi wa kaina kirari a zuci. Na ce lallai ilimi bai faɗi ƙasa banza ba.

Haka muka tafi har lokacin rajistar jarrabawar 'yan aji uku ya zo. Sai an buga sunan kowane ɗalibi da bayanansa, an kai ofishin ilimi ranar Alhamis. Wanda sunansa bai shiga ba, sai baɗi. A daidai wannan makon kwamfutar ta ga ya dace ta fara iskanci. In kunna ta, in buga suna bakwai ko takwas, sai ta ƙame. Kibiyar nan ta kan allo ta tsaya cak, in ja linzami hagu, in ja dama, ko gezau. In kashe, in kunna, ta sake yin minti goma ta sandare, abin da na buga kuma ya tafi.

Shugaban makarantar, Malam Isyaku, dattijo ne mai haƙuri da ya kusa ritaya. Ya tsaya a kaina ya ce, “Injiniya, me ke damunta ne?”

Na cire tabarau na goge (ba na magani ba ne, na ado ne). Na ce, “Yallaɓai, bairos ne. Wata cuta ce da ake turowa daga ƙasashen waje.”

“Daga waje? Mu nan da ko sabis ɗin waya sai an hau tudun bayan aji?”

“Ai shi ya sa ta fi haɗari,” na ce. Har yau ban san abin da nake nufi ba, amma ya gyaɗa kai.

Kwana biyu ina yaƙi da wannan cuta. Na goge wasannin kati, na goge hotunan bikin yaye ɗalibai, na canza soket, na hure madannai, na ɗaga linzamin na leƙa ƙarƙashinsa kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa. Na ɗora laifi a kan janareta, na ɗora a kan zafin gari, na ɗora a kan malamin da ya riƙe ta kafin ni, wanda ya yi shekara uku da barin wajen. Duk wannan bincike, ko sau ɗaya zuciyata ba ta je kan ledar ba. Kullum da safe sai na tura ta ciki da bisimilla, sannan in zauna in fara neman abokan gaba a Turai.

Ranar Laraba man janareta ya ƙare. Da idona na ga Malam Isyaku ya durƙusa gaban babur ɗinsa da tiyo a baki, yana zuƙo ɗan fetur ɗin da zai mai da shi gida don a zuba wa janareta. Ya tofar, ya goge gemu, ya ce, “Yaran nan ba za su rasa jarrabawa ina raye ba. In ya so na tura shi.” Wasu iyaye kuma sun baro gona, ga shi lokacin noman farko, sun zauna a barandar ofis suna jiran su ji an shigar da 'ya'yansu.

Na buga suna goma sha ɗaya. Ta ƙame.

Malam Isyaku ya juya ya fita. Can sai ga shi da Baba Ɗanliti, tsohon da ke gyaran rediyo da tocila a bakin kasuwa, riƙe da sukundireba da wani tsohon buroshin haƙori. Raina ya ɓaci. Na ce, “Yallaɓai, da girmansa Baba, amma wannan fa ba rediyo ba ce. Wannan sai wanda ya karanta.”

Baba Ɗanliti ya ce, “Haka ne, ɗana. Ni ban karanta ba. Kunna min ita dai in ji kukanta.”

Na kunna. Ya kara kunne a jikin akwatin, ya ɗora tafin hannu a kai, ya saurara. Sannan ya ce, “Fankarta ba ta juyawa. Zafi ne ke sumar da ita.” Ya ja hanci sau biyu. “Kuma tana ƙanshin man gyaɗa.”

A nan ne komai ya haɗu a kaina lokaci ɗaya. Malamai sun cika ofis, iyaye sun leƙo ta taga, Malama Rabi tana bakin ƙofa, wadda ko awa ɗaya ba a yi ba na rantse mata cewa da ruwan randa na karya.

Na yi wuf na tare akwatin. “Kada a buɗe! In aka buɗe cutar za ta iya fita ta kama wayoyin mutane.”

Wani uba a taga ya yi sauri ya tura wayarsa cikin aljihu. Baba Ɗanliti kuwa ya dube ni ya ce, “Matsa, ɗana, tawa wayar ta riga ta mutu.” Ya nemi notin da zai kwance, bai samu ba, ya taɓa murfin kawai ya zame, saboda ya saba da hannu.

Ga ta nan. Baƙar leda, ta kumbura da ɗumi, bakinta ya shige cikin fanka ya naɗe. Mai ya ɗiɗɗiga ya haɗu da ƙura ya zama wani irin kwaɓi, kiyashi sun yi layi kamar ranar rabon taki. A gefe kuma ga tsofaffin ƙullin yaji guda uku da na manta da su tun farkon zango.

Baba Ɗanliti ya zaro ledar da yatsa biyu, ya kwance, ya leƙa. “To, ga cutar,” in ji shi. “Guda shida ce. Kuma ba daga waje aka turo ta ba, wannan suyar garin nan ce.”

Ba wanda ya yi dariya da farko. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa, “Wa ya saka wannan a nan?” (Ni ne nake riƙe da mukullin ofis. Kowa ya sani.)

Malama Rabi ta matso, ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta tauna a nutse. “Ta Maman Khalifa ce,” ta ce, wato matata. “Na san yajinta. Allah sarki Injiniya, ashe gidan da ba a kari, a nan ake ajiye karin.”

Sai ofis ya fashe. Wani dattijo a taga har da riƙe ciki yana salati. Malam Isyaku ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dubi ledar, ya dubi babur ɗinsa ta ƙofa, ya ce, “Malam, zauna ka buga sunayen nan kafin man ya ƙare.” Malam ya ce, ba Injiniya ba. Na ji bambancin har cikin ƙashina.

Baba Ɗanliti ya goge fankar da buroshinsa, ya hure, ta ɗauka da gudu. Kwamfutar ba ta sake ko tari ba. Kafin la'asar na gama sunayen duka, ba wanda ya rasa jarrabawa. Awarar kuwa aka yanka ta ƙanana aka zagaya da ita har iyayen da ke baranda, kowa ya samu, ni aka tsallake. Da aka tashi, ni na tura babur ɗin Malam Isyaku har ƙofar gidansa, yana biye da ni a ƙafa har muka isa. A nan ya karɓi babur ɗin ya ce, “Ka gaida mai awara. Ka ce mata hannunta yana da kyau.”

Abin da na koya? Idan abu ya lalace a hannunka, kafin ka zargi Turawa, fara tuna abin da kai ka cusa a ciki. Rowa kuma, in dai dole sai ka yi ta, to kada ka yi da abin da yake ƙanshi.