Kilo Ukun da Na Ƙara wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da ma'aunin Baba ba. Ina shekara goma sha huɗu aka sallamo shi daga asibiti a Lyon, bayan ciwon zuciya, da wani farin ma'auni mai aika nauyinsa kai tsaye ga ma'aikaciyar jinya. Sharaɗin ɗaya ne: in ya ƙara kilo biyu kwatsam, ruwa ne ke taruwa a jikinsa, sai a maida shi gadon asibiti. Baba kuwa ya tsani gadon nan.

A makon ne Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga garin Sevran da kilishinta, ta kwashe rabin shagunan unguwar Guillotière don tsarabar da za ta kai gida Damagaram. Da safe ta ce, "'Yar nan, auna mini akwatin nan, kar su wulaƙanta ni a filin jirgi."

Ni mai ilimin gidan, na rungumi akwatin na hau ma'aunin Baba. Saba'in da bakwai. Na cire nawa nauyin a zuci (sirri ne tsakanina da Allah), na ce, "Ashirin da uku cif, Gwaggo, daidai ƙa'idar jirgi." Har albarka ta sa mini.

Kafin a gama karin kumallo waya ta yi ƙara, ma'aikaciyar jinya ce. Baba, mai kilo saba'in da huɗu jiya, ya ƙara uku. A kawo shi yanzu.

Mama ta juyo. "Malam, kilishin Yaya ka ci ko?"

"Wallahi ko ƙanshinsa ban ji ba."

"To gishirin daga sama ya faɗo?"

Ni kuwa, jaruma, ina ta ƙirga furannin labule (goma sha tara ne). Sai da na ga Baba ya sunkuya yana sa takalmi, sannan na ce da muryar sauro, "Ni ce. Ni da akwati."

Aka miƙo mini wayar. Matar ta tambayi nauyina don ta gyara lissafi, kuma Mama ta buɗe lasifika. Na faɗa, gidan duka na saurare.

"Hamsin da huɗu?" in ji Gwaggo. "Ashe dai ana ci a ɓoye."

Baba ya cire takalmi yana dariya har da tari.

Daga ranar na koyi abu ɗaya: a Faransa, kafin ka taka wani abu, tambayi wa yake kai wa rahoto.