Sunan da Ya Maƙale a Kaset

Cikin abubuwan da ba zan manta da su ba ko da na so, akwai ranar da surukina ya aika a kira ni gidansa a Jekadafari. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a nan Gombe, kuma a lokacin ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk wanda wayarsa ta rikice a dangin matata, ni ake nema.

Baba tsohon ma'aikacin safiyo ne, masu awon filaye. Yana da wata kwamfutar hannu da ta girme ni, mai siririn allo, da wani ɗan gida a gefe inda ake saka wani kaset da bai fi akwatin ashana ba. A kan kaset ɗin take adana rubutu. Yayarsa, Goggo, ta zo daga ƙauye ganin likita, kuma ita kaɗai ta rage da ta san asalin gidansu, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Baba na so a rubuta kafin ta koma, ga idonsa ya yi rauni. Na ce in ɗauko tawa kwamfutar, ya ce tasa ya yarda da ita. Na ce to a ɗauki muryar Goggo a waya, ita kuma ta ce ba ta san wannan ba.

Ya kunna, ya shiga nuna min jerin zaɓin da ke fitowa a allo, yana bi da yatsa. "Malam, wannan na buɗe kaset ne. Wannan na mayar da shi baya. Na ƙarshen nan, in ka gama sai ka danna ka jira, kafin ka..."

"Na gane, Baba," na ce, kaina a sunkuye. (Ladabin a wuya ya tsaya. A zuci cewa nake, ni da nake koyar da abin nan, rediyo mai madannai ne zai gagare ni?)

Tun hantsi Goggo take lissafo mutane ina bugawa. Da ta zo kan 'ya'yanta huɗu da suka rasu, sai da ta tsaya ta sha ruwa. Can baƙo ya yi sallama, Baba ya fita zaure. A lokacin ne ta kai kan kakar mahaifiyarsu, ta daɗe tana murza carbi, sannan ta ɗago. "Yauwa, na tuna. Rabona da kiran sunan nan tun ina budurwa." Ta faɗa, na buga, muka wuce.

Dab da azahar muka gama. Na adana, kaset ya juya ya tsaya. Sai na danna na fitarwa kamar yadda muke yi wa rediyo, na zaro shi, na miƙa wa Baba da hannu biyu har da ɗan murmushi.

Bai karɓa ba. "Ka danna na ƙarshen?"

Ashe na'urar ba ta rubuta jerin abin da ke cikin kaset sai an gaya mata an gama. In ka zare kafin nan, rubutun na nan a kwance, amma ba ta san inda yake ba. Muka mayar, allo ya nuna babu komai. Na danna nan, na danna can, gumi har cikin hula. Da Baba ya yi faɗa da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Haka Allah ya so. Tashi mu yi salla."

Washegari Goggo ta sake zama, ta faro daga farko ba tare da ƙorafi ba, har da 'ya'yan nan huɗu. Ban iya kallon fuskarta ba. Da muka iso kan kakar, ta yi ta murza carbi, sunan ya ƙi zuwa. Ta juyo gare ni.

"Ɗan nan, ai kai ka rubuta jiya. Me na ce?"

Baba ma ya zuba min ido. Ni kaɗai na ji sunan, kuma yatsuna ne suka ji, ba ni ba. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba.

Goggo ta rasu bayan damina. An raba wa dangi takardar asalin, akwai gurbi ɗaya a ciki da ba kowa. Idan 'ya'yana suka tambayi dalili, nakan ce aikin babansu ne. Yanzu ko kunna fitila tsoho zai koya min, ba na cewa na gane sai ya rufe baki.