Damin Yangona da Kunnen Waisake

Jama'a, jiya Asabar na yi baƙin da ban gayyata ba. Daga ni sai tsohon zane a ƙugu, ina fafatawa da kan kifi da dafaffen rogo, sai ga farar motar makarantar kwana da ɗan ƙanwata Waisake yake karatu, sabuwa fil, ta take mini shukar gwaza ta tsaya. Mai Girma Uban Tarbiyyar makarantar ne da kansa ya fito, da muƙarrabai huɗu, ɗaya rungume da damin saiwar yangona kamar jariri. Yangona ita ce saiwar da ake dakawa a jiƙa a sha a zaman manya, ina ganin damin na ce to, an zo neman gafara.

Wata biyu da suka wuce manyan ɗalibai suka yi wa sababbi abin da suke kira tarbar baƙi. Ana jeruwa layi biyu bayan ɗakin kwana, kowa da guntun tiyo, sabon yaro ya ratsa tsakiya da gudu. Waisake, ɗan shekara sha huɗu, ya yi tuntuɓe, wani ya same shi a kunnen hagu. Likita a Suva, babban birninmu, ya ce dodon kunnen ya fashe, da wuya ya sake ji da shi.

Makarantar da ke koro yaro gida don gashinsa ya taɓa wuyan riga, wannan karon ba ta ga komai ba. Rahoton farko ya ce daga mangwaro ya faɗo. Da uwarsa Unaisi ta nuna musu shatar tiyo a bayansa, sai rahoto na biyu ya ce abin ya faru a gefen gonar rogo, wadda wai ba a tabbatar cikin harabar makaranta take ba. Amma ranar girbi rogon ya san hanyar kicin ɗinsu! Aka kafa kwamiti, ya tare a otal a bakin teku kwana uku, ya gano cewa yaro yaro ne. Allah ya ƙara basira.

Maƙwabcina Dhirend, tsohon masinjan kotu, shi ya zuga mu ta kan shinge. "Apisai, ranar da kuka miƙa musu yaro, amanarsa ta koma wuyansu. Ku kai ƙara."

"Makarantar da ta yaye rabin manyanmu za mu kai ƙara?"

"Shi ya sa har gobe da tiyo suke tarbarmu a ofisoshi," in ji shi.

Unaisi ta ga lauya. Ranar Laraba takardarsa ta isa makaranta, ranar Asabar yangona ta iso gidana. Ruwa ba ya tsami banza.

Muka shimfiɗa tabarmi, na aika aka kira Unaisi da Waisake. Ni ne babban kawu, don haka gabana aka ajiye damin. Kun dai san al'adarmu: in na ɗora hannu a kai na tafa, magana ta mutu, wanda ya tono ta bayan nan ba shi da idon shiga coci. Na kuma hango wata takarda tana leƙowa daga aljihun Mai Girma, da biro maƙale a jikinta.

Ya yi jawabi na rabin awa, murya ƙasa ƙasa, irin ta mai ladabi. Ya ambaci zumunci, ya ambaci sunan makaranta mai daraja, ya ce ba a fallasa gida a kasuwa. "Mu ma an yi mana," ya ce, "ga shi mun zama mutane. Ko ba haka ba, Apisai?"

Nan ya kama ni. Makarantar nan na yi. An dake ni a wannan layin, kuma a ajin ƙarshe ni ma na riƙe tiyo, har ina dariya. Wallahi kunya ta rufe ni. Hannuna ya kama hanyar damin, don kunyar manya ta fi sauƙin ɗauka a kan fushinsu.

"Yaya," in ji Unaisi daga bayana, "kunnenka aka fasa?"

Ɗaya daga muƙarraban ya yi gyaran murya, wai mata ba sa magana a nan.

"To a tambayi mai kunnen."

Duk muka juya. Waisake na zaune a gefen tabarma, ɓangarensa na hagu wajen Mai Girma.

"Ɗana," in ji Mai Girma, "ka yafe mana?"

Yaron ya dube shi, ya dube ni, ya karkato da kunnen dama. "Kawu, me ya ce? Tun ɗazu ban ji komai ba."

Na janye hannuna na cusa a ƙarƙashin cinya, kada ya sake cin amanata. "Ranka ya daɗe," na ce, "jawabin nan ya yi daɗi, asara ne a ce mai shi bai ji ba. A adana shi, a maimaita masa a gaban alƙali. An ce a can akwai lasifika."

Suka naɗe daminsu suka tafi, motar ta ƙarasa abin da ya rage na gwazata. Na so in kai kuka, amma na san amsar: ba a tabbatar gwazar cikin harabar gidana take ba.