Ƙwan Gimbiya da Kazar Ya Kellu

Wani ne a Galtimari, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya yi aure, aiki dai shiru. Kullum yana tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya yana cin soyayyar fara yana latsa waya. Ana nan sai wata ƙadangaruwa ta fara zuwa tsintar ƙafafun farar da yake yarwa. Yau ta zo, gobe ta zo, har ta kai tana karɓa daga hannunsa. Mutumin naku ya raɗa mata suna Gimbiya. Ya gaya wa matarsa Jannatu cewa a ƙasar Turawa ƙadangare har asibiti ake kai shi, mu ne nan ba mu san darajar abin da Allah ya ba mu ba. Jannatu, wadda ke fama da laulayin ciki, ta ce ita ma ba ta ƙi a kai ta asibitin ba.

Rannan Gimbiya ta tona rami a gindin randa, inda ƙasa ke da laima, ta saka ƙwai shida ta binne. Washegari kyanwar maƙwabta ta yi gaba da ita. Mutumin ya ƙi cin abinci. Da yamma ya durƙusa a gindin randa ya tono ƙwayayen da cokali, ya yi rantsuwa zuri'ar Gimbiya ba za ta ƙare a hannunsa ba.

Ya shiga waya ya samo wani Bature mai gemu da ke koyar da ƙyanƙyasar ƙwan ƙadangare a ɗaki. Baturen ya ce a samu yashi mai laima, a samu ɗumi daidai misali, sannan ya ɗaga yatsa ya ce babban abu shi ne kada a kuskura a juya ƙwan. Yadda uwar ta ajiye shi, haka zai zauna. In aka kife shi, ɗan da ke ciki ya mutu. Don haka a sa alama a samansa.

Mutumin ya ɗauko kular abinci ta kayan auren Jannatu, wadda ko shinkafa ba ta taɓa shiga ba, ya cika ta da yashi. Ya jera ƙwayayen, kowanne ya ɗiga masa biro a ka. Baturen ya ce a kunna musu fitila don ɗumi, shi ma ya kunna. Abin da bai lura ba, shi Baturen rigar sanyi ce a jikinsa, nan kuwa Maiduguri ce a watan Afrilu, lokacin da ko kujerar roba sai ka yi mata sallama kafin ka zauna. Da ya sayo ma'aunin zafi a kemis ya soka a yashin, jan layin ya haura har ya rasa wurin zuwa. Nan take ya kashe fitila ya koma sayen ƙanƙara. Fanka mai caji guda ɗaya ce a gidan, ya ɗauke ta daga gaban mai ciki ya saita ta kan kula.

Jannatu ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki waya ta kira uwarta.

Ya Kellu ta iso daga Dusuman a Keke Napep, da ƙunshin kaya, da kaskon turaren wuta, da kaza mai kwanci a cikin kwando, don ta ce ba wanda za ta bar wa amanarta. To kun san surukuta a garin nan. Mutumin ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai. Ita tana "Wushe, wushe," irin gaisuwarsu ta Barbarci, shi yana amsa wa ƙasa. Ba ya kallon idonta, ba ya cin abinci a gabanta, musu da ita kuwa ko a mafarki.

Tana shiga ɗaki ta buɗe kula. Jannatu ta gaya mata gaskiya, ƙwan ƙadangare ne. Tsohuwa ba ta ko ɗaga gira ba. Ta ce ƙwai dai ƙwai ne, kuma tun kafin a haifi Jannatu take kiwon kaji, ba ta taɓa ganin ƙwan da ya yi albarka ba a juya shi ba. Ta sa yatsa ta kife su ɗaya bayan ɗaya.

Da mutumin ya leƙa, sai ya ga babu ɗigon biro ko ɗaya a sama. Ya ja Jannatu gefe ya roƙe ta ta yi wa uwarta magana. Ta ce ai bakinsa ma yana aiki. Ya fito ya tsuguna nesa da tabarmar tsohuwa, ya yi gyaran murya har sau ba adadi.

"Ya, wai ni kam, na ji Turawa suna cewa shi irin wannan ƙwan, wai ba a cika juya shi ba."

"Baturen ya taɓa kiwo a Dusuman?"

"A'a, Ya."

"To."

"Haka ne, Ya. Allah ya ƙara girma. An gode da ɗawainiya."

Sai ya ɓullo da dabara irin ta masu digiri. Tunda ba zai iya hana ta ba, zai riƙa gyarawa. Ita ta juya da safe, shi ya lallaɓa da hantsi ya mayar. Ta dawo da azahar ta ga ɗigon biro ya koma sama, ta ce lallai mantuwa ta fara kama ta, ta sake juyawa. Ya sake mayarwa. Ƙwan da aka ce ko motsa shi kada a yi, ya zamana duk Borno babu abin da ke shan juyi kamarsa, in ba masa a tanda ba. Biyu suka motse suka koma kamar busasshen dabino.

Ya Kellu ta duba ta ce ta gano matsalar, sanyi ne ke kashe su. Wane irin rashin imani ne a sa wa ƙwai ƙanƙara? Mutumin na fita sayen fara, ta kwashe huɗun da suka rage ta tura ƙarƙashin kazarta. Kaza ta karkata kai ta dubi abin da aka kawo mata. Ta dubi tsohuwa. Ta sa baki. Yana shigowa ya tarar ta haɗiye uku tana gyara tsayuwa a kan na huɗu. Ya yi tsalle ɗaya ya cafe shi, sannan ya tuna a gaban wa yake, ya zube a tsugune da ƙwai a tafin hannu, hawaye na zuba.

Tsohuwa ta ce wa 'yarta, kin ga yaro mai tarbiyya, ɗan taimakon nan da na yi masa har da kuka.

Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Ya." Ya juya wajen kaza, don kada a ce ya raina dukiyar suruka, ya ce ita ma sannunta da ƙoƙari.

Saura ƙwai ɗaya tak a duniya daga jinin Gimbiya. Ya zuba yashi a kwalin ashana, ya kwantar da shi ɗigo a sama, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Daga ranar bai ƙara sunkuyawa ba, kada ƙwai ya kife. Tafiya yake a miƙe kamar falwaya. In zai gaida suruka sai ya sauka a hankali, baya a sandare, wuya a sandare, ya taso haka nan. In abu ya faɗi masa sai ya bar wa ƙasa. Barci ma a zaune yake yi, jingine da bango. Haka aka yi ta tafiya har hadari ya fara haɗuwa, aka yi ruwan farko.

Ya Kellu ta daɗe tana lura da shi. Ta ce wannan ciwon baya ne, irin wanda ya kama marigayi mijinta, kuma mataccen jini ne ke kawo shi. Ba ta yi shawara da kowa ba ta aika aka kira wanzami. Mutumin na dawowa ya tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, wanzami ya jera ƙahoni yana wasa aska. Ya buɗe baki zai ce lafiyarsa ƙalau, tsohuwa ta ce daga bakin ƙofa, inda ta juya baya don kunya, ai ta riga ta sallami mai aiki, ya kwanta kawai.

Ya ce an gode. Ya zaro kwalin ashana ya ɗora a kan turmi, ya ɗan zuge shi don iska, ya tuɓe riga ya yi rub da ciki inda zai riƙa hango shi. Wanzami ya tsattsaga, ya kafa ƙaho, ya zuƙa, ya kafa wani. An kafa na huɗu ke nan sai yashin kwalin ya motsa. Wani ɗan kai kamar ƙwayar gero ya leƙo. Ɗan ƙadangare ya fito, ya tsaya a bakin turmi yana haki, da ɗigon biro a ɓawon da ke manne da jelarsa. Mutumin ya ce da wanzami a hankali, duba hancin, na uwarsa ne sak.

Ɓawon ya faɗi. Ɗan ƙadangare ya diro daga turmi ya ruga.

Mutumin ya zabura da ƙahoni a baya kamar bushiya, ba riga, ya bi shi. Ya tsallake kwandon kaza, ya ture buta, ya wuce ta gaban suruka yana rufe ƙirji da hannu yana ba da haƙuri. Ɗan ƙadangare ya haye katangar bayan gida. Mutumin ya ja birki ya ɗaga kai.

Katangar cike take maƙil da 'ya'yan ƙadangaru. Damina ta faɗi, kowace uwa a unguwar nata sun fito daga ƙasa, ba kula, ba fanka, ba Bature. Duk tsawonsu ɗaya, launinsu ɗaya, sun jeru suna shan hantsi. Ya duba dama, ya duba hagu. Jannatu ta fito riƙe da ƙugu, wanzami ya biyo shi yana neman ƙahoninsa, Ya Kellu ma ta taso ta tsaya daga baya.

Mutumin ya matsa kusa da katanga, ya sassauta murya ya ce, "Don Allah, wane ne ɗan Gimbiya a cikinku?"

Gaba ɗayansu suka gyaɗa kai.

Ya Kellu ta ce, "To ka ga duk sun amsa. Allah ya raya maka."