Darakta da Tallan Minti Ɗaya

"Ni da kake gani, in na ɗora kyamara a kafaɗa, ko jaki na ɗauka sai an zaɓe shi shugaban ƙasa!"

Wannan maganar mijin yayata ce, kuma a gabana ya faɗe ta, yana zaune kan bencin ƙofar shagonsa, ya harɗe ƙafa yana sakace. Kowa a layinmu Darakta yake ce masa. Kada ka ɗauka wani ne ya naɗa shi, abokina. Shi ya raɗa wa kansa, ya je wurin tela aka ɗinka masa sunan a bayan wata riga mai aljihu goma sha biyu, wadda ko a tsakar rana ba ya tuɓe ta. Sana'arsa ɗaukar bidiyon biki, kuma bidiyonsa mafi gajarta awa uku ne.

Ni kuwa direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa Likita, wani dattijon likitan ido da ya ajiye aiki, mutumin da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa. Shi ya yi wa mahaifiyata aikin yanar ido har ta koma tana zura zare a allura, saboda haka ina ƙaunarsa har cikin raina. To, wannan bawan Allah sai ya tsaya takarar shugaban ƙasa a wata ƙaramar jam'iyya mai alamar guga.

Manyan jam'iyyu sun cinye talabijin. Ka kunna da safe, ɗan takararsu na rungumar tsohuwa. Ka kunna da yamma, yana shafa kan jariri, ana zuba masa waƙa. Mu kuwa ko inuwarmu ba a gani, har wani mai faci ya tambaye ni ko Likita ya rasu ne. Da ƙyar da siɗin goshi Uwar Jam'iyya, wata hajiya mai murya kamar ta fasa gilashi, ta samo mana minti ɗaya a gidan talabijin na ƙasa. Minti ɗaya tak, sau ɗaya tak, bayan labarun ƙarfe bakwai, ranar da za a rufe yaƙin neman zaɓe. A cikin mintin nan ne duk ƙasa za ta ga fuskar Likita, ko kuma ta je rumfar zaɓe ba ta san da shi ba.

Bakina ne ya ja mini. Na yi suɓul da baka a gidan Yaya cewa ana neman mai haɗa talla. Yaya ta ajiye ludayi ta ce, "Ana nema, ga shi a gida? Kai wane irin ƙani ne?" Kwana uku tana min waya, har na kai shi.

Uwar Jam'iyya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka taɓa yin tallan siyasa?"

"Ranki ya daɗe, siyasa da biki ai duk ɗaya ne," in ji Darakta. "Ango ake tallatawa, jama'a su taya murna. Na aurar da mutum ɗari huɗu da kyamarar nan. Shugaban ƙasa ɗaya ne zai gagare ni?"

"Minti ɗaya ne fa."

"Ko rabi ne, ranki ya daɗe."

Yana fitowa ya dafa kafaɗata ya ce in fara koyon tuƙa motar minista, domin in Likita ya hau, wa za a ba ma'aikatar yaɗa labarai in ba shi ba? Kafin magariba Yaya ta gaya wa maƙwabta za su tashi.

Ranar ɗauka, muka fara da lambun wani otal. Darakta ya jingina Likita da bishiya ya miƙa masa fure.

"Yallaɓai, kalli agogo. Yawwa! Yanzu ɗago kai a hankali, kamar kana jiran ta."

"Jiran wa?" in ji Likita.

"Ƙasa, Yallaɓai, ƙasa! Yi murmushin kunya. Akshin!"

Likita ya ce, "Ɗana, na rubuto 'yan kalmomi kan asibitoci da ruwan sha."

"Za mu zo wurin. Ai ba a fara biki da wa'azi."

Haka dattijon nan mai shekara saba'in ya yini yana leƙowa daga bayan bishiya, yana taku ɗaiɗai a kan ciyawa, Darakta na binsa a tsugune yana ihu, "Kot! Ka taka da ƙasaita!" Ni dai ina cikin mota na rufe fuska da hula.

Washegari sai kasuwa, wai a ga ɗan takara cikin talakawa. Darakta ya zaɓi wata mai tumatir ya koya mata abin da za ta faɗa. Wai da zarar ta ga Likita, ta ɗaga hannu ta ce, "Sai Guga!" Ta ce ta gane. Aka kunna kyamara, Likita ya matso ya yi sallama. Matar ta ƙura masa ido, sai ta saki baki.

"La! Ba kai ne likitan ido ba? Baba, dubo min nan, tun bara yake ƙaiƙayi."

Ta ja fatar idonta ƙasa. Shi kuma Likita, halinsa ne, ya zaro 'yar tocila daga aljihu ya hau dubawa. Kafin ka ce kwabo layi ya miƙe har rumfar masu kifi. Awa biyu yana duba idanu, Darakta na tsalle yana cewa ana ɓata masa haske. Ni a raina na ce ai tallan ke nan Allah ya kawo mana har gida. Na juya in gaya masa, sai na tarar ya kashe kyamara, wai batir ba na wasa ba ne.

Rana ta uku ya ce dole a nuna alamar jam'iyya tana aiki. Muka sami wata rijiya a bayan gari, aka ɗauko gugan jam'iyya na ofis, wanda aka yi wa fenti mai ruwan zinariya, shi ake ɗagawa a kowane taro. Darakta ya ɗaura igiya da hannunsa, yana cewa ɗaurin da ya iya ko jirgin ruwa ba ya kwance shi. Likita ya zura guga, ya ja, ya ja, sai ga igiya ta fito ita kaɗai tana lilo. Muka ji "cuɓul" daga can ƙasa.

Uwar Jam'iyya ta leƙa rijiya, ta ɗago ta ce, "Jam'iyyar ka jefa min a rijiya?"

"Ranki ya daɗe, saƙo ne. Ma'anarsa mun shiga cikin jama'a sosai."

Ba don ni na shiga tsakani ba, da ya bi gugan.

Kwana huɗu ya kulle kansa a shago yana haɗawa a kwamfuta. Ana gobe za a sa tallan ya fito, ido ja wur, ya ɗaga faifai sama kamar ya ciwo kofi.

"Minti nawa ya kama?" na tambaye shi.

"Awa biyu da minti arba'in. Na matse shi sosai."

"Yaya Darakta, minti ɗaya aka ce!"

"Kai dai tuƙi ka sani. Tuƙa mu."

A ofishin talla na gidan talabijin muka tarar da wata mata mai tabarau, ga takardu jibge a gabanta. Ta sa faifan, ta ga tsawonsa, ta cire tabarau ta goge, ta mayar ta sake dubawa.

"Malam, wannan talla ne ko wasan kwaikwayo?"

"Aiki ne, Hajiya."

"Daƙiƙa sittin kuka saya. Ga ɗakin masu tacewa can, shiga su ciro maka inda ɗan takara ke magana. Ba zai ɗauki rabin awa ba."

Darakta ya dafe ƙirji. "A yanka min fim? Wa zai yanka? Waɗannan yaran da aka haifa jiya? Ki sa shi daga farko kawai."

"In na sa daga farko, daƙiƙa sittin na cika injin zai ɗauke."

Ya yi wata dariya ta wanda ya san abin da ba a sani ba. "Hajiya, ban taɓa sa bidiyona a falo wani ya tashi ko fitsari ba. Mai injin naku in ya fara kallo, hannunsa ba zai iya kashewa ba. Ke da kanki za ki ce a ɗaga sauran shirye-shirye."

"Ba mutum ne ke kashewa ba, kwamfuta ce."

"Ita ma za ta tsaya ta kalla."

Na ja shi gefe na haɗa shi da Allah da Annabi. Na ce ko don tsohon nan, ya bari a yanka. Ya ce in na ƙara magana zai gaya wa Yaya ina yi wa arzikinta baƙin ciki. Matar ta miƙo takarda ta ce ya sa hannu cewa shi ya zaɓi haka, ya kuwa zana wani sa hannu da ya cinye rabin shafi. Laifina a nan, ban gaya wa Uwar Jam'iyya ba. Tsoron muryarta ya hana ni, na koma ina addu'a ko farkon faifan da fuskar Likita ya fara. Wanda bai ji bari ba dai ya ji hoho, ni da shi duka.

Ranar ta zo. Falon Likita ya cika maƙil: 'ya'ya, jikoki, 'yan jam'iyya, maƙwabta, har mai facin nan. An tura saƙo ko'ina cewa kowa ya kunna talabijin. Yaya ta ci kwalliya ta zauna a gaba. Darakta ya tsaya gefen akwatin, ya riƙe ƙugu. Likita na kan kujerarsa, ya ƙura wa akwatin ido. Ban taɓa ganin yana ɗokin wani abu kamar ranar ba, tausayinsa ya kama ni.

Labarai suka ƙare. Allo ya yi baƙi.

Sai kiɗa ya tashi. Wani jan fure ya fara buɗewa a hankali, a hankali. Tattabaru biyu suka gifta. Daƙiƙa goma sha biyar ke nan. Sai rubutu ya taso yana walƙiya: DARAKTA BIDIYO KE GABATAR MUKU. Sai ga hoton Darakta da kansa, da rigar aljihu da kyamara a kafaɗa, yana juyawa kamar fanka, ya tafi ya dawo, ya rabu gida huɗu ya sake haɗewa. Daƙiƙa talatin da biyar. Lambar wayarsa ta bi ƙasan allo tana rarrafe, da "Biki, Suna, Walima, Sai Kun Zo." Aka shiga godiya: ɗaukar hoto Darakta, haske Darakta, tacewa Darakta, shawara Darakta.

"Yanzu za a shiga," in ji shi. "Ku dai natsu."

Daƙiƙa hamsin da bakwai, sai ga motar Likita ta tsaya. Kyamara na ƙasa daidai taya. Ƙofa ta buɗe, ƙafa ɗaya ta sauko ta taka ƙasa.

Ɗif! Sai ga wata mata tana wanke kwanuka tana yabon sabulu.

Wani jikan Likita ya ce, "Kaka, ina kake?"

Darakta ya daki akwatin talabijin ta gefe. "Za su dawo. Hutun rabin lokaci ne."

Ba su dawo ba. Bayan sabulu aka shiga tallan babbar jam'iyya, ɗan takararsu na rungumar tsohuwa.

Uwar Jam'iyya ta miƙe a hankali tana naɗe mayafi a ƙugu. Ana cikin haka wayar Darakta ta yi ƙara. Fuskarsa ta washe.

"Kun ji ko? Jama'a sun fara kira! Talla ya shiga!" Ya danna ya buɗe murya don kowa ya ji.

Muryar wani tsoho ta cika falon. "Kai ne ɗan takarar da aka nuna yanzu, mai juyawa?"

"A'a, Baba, ni ne dai..."

"To ka ji, mu gidanmu ƙuri'a tara ce, kuma ko ɗaya ba za ka samu ba. Mutumin da ya kasa tsayawa wuri ɗaya a hoto, ina zai riƙe ƙasa?" Ya kashe.

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska. Mai faci ya fita waje, muna jin dariyarsa har bakin titi.

Amma ka san mai cika baki ba ya mutuwa sau ɗaya. Darakta ya zube gaban Likita, gumi na bin aljihu goma sha biyu, ya ce, "Yallaɓai, kada ka biye musu. Wannan salo ne na zamani, a bar mutane da ƙishirwa. Kuma ai ka fito! Duk ƙasar nan ta ga ƙafarka. Wannan taku, Yallaɓai, ko makaho ya san takun shugaba ne!"

Likita ya cire tabarau, ya goge, ya dube shi da irin kallon da yake yi wa majinyacin da ba shi da magani.

"Ɗana," ya ce, "ni a baya nake zama. Wannan ƙafar direba ce."

Duk falon aka juyo aka kalli silifas ɗina.